Cikinka Ba Ya Jin Kunya, Babagana

Mafoni, Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Babagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin direba mai gudu, da sharrin duk abin da ake cusa wa matafiyi ta tagar mota a Potiskum. Amin.

Takardar nan a bakin buhun garin dawa na sa ta, wanda mahaifiyarka ta ɗaure maka. In ka same ta ranar da ka sauka, alhamdu lillahi. In kuwa sai bayan wata uku ka same ta, to na san abin da ka yi ta ci, kuma na san ɗakin da ka fi zama a cikinsa. Na rubuta ne don ni da kai ba mu iya magana ido da ido ba. Kai ka sunkuyar da kai, ni in yi ta gyaran murya, sai a kira salla mu tashi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Cikinka ba ya karɓar alkama, ba ya karɓar nono da duk danginsa. Wannan duk Mafoni ta sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne bakinka bai iya cewa a'a ba. Ga shi aikin akawu ya kai ka Kano, garin gurasa da alkaki da funkaso, kuma za ka fara sauka a gidan abokin cinikina Alhaji Tanko, mutumin da in baƙo bai ci ya kusa fashewa ba sai ya ɗauka an zage shi. Da Sallar da ta wuce ina kallonka a gidan wana, Baffanka Jidda. Aka miƙo maka alkaki, ka sa hannu biyu ka karɓa har da godiya, ka cinye. Kwana uku kana kwance, ka zube kamar saniyar da ta sha rani. A nan akwai mai dama maka kunu. A can wa gare ka?

Saboda haka zan zayyana maka wautar da ni na tafka a kan cikin nan naka, don kada ka ɓata lokaci wajen maimaita ta. Ka yi dariya in ka so, ai ba na kusa.

Mu mutanen shanu ne. Kakanka, wanda ka ci sunansa, har ya koma ga Allah bai yarda akwai ciwon da nono ba ya warkarwa ba. Zazzaɓi nono, ciwon ido nono, wanda jaki ya harba ma nono. Fari ya cinye garken, muka shigo gari muka zama dillalai a kasuwar shanu, amma kanmu yana can ruga. Da aka yaye ka sai ka fara lalacewa, gudawa ba dare ba rana, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Na ce ai nonon gari ne, duk ruwa. Na sayo saniya mai maraƙi na ɗaure a tsakar gidan nan, daidai inda mahaifiyarka ke shanya kuɓewa yanzu. Safe da yamma a tatsa a ɗura maka da ɗuminsa. Ka ƙara lalacewa. Na ce to ƙarfi ne babu, a ba shi abincin 'yan boko, biredi a jiƙa a shayi mai madarar gwangwani. Wato abokan gabarka biyu na haɗa maka a kofi ɗaya, ina ba ka da cokali ina bismillah.

Mahaifiyarka ce ta gaji ta goya ka ta nufi babban asibiti, ni ina biye da ita ina mita. Muka samu wani dattijon likita mai tabarau. Ya ce, "Malam, me yaron nan yake ci?" Na gyara zama na lissafa masa, saniya guda tasa shi kaɗai, biredi kullum, madara ta gwangwani, ina jiran ya yaba. Sai ya cire tabarau ya ce, "Daga yau a daina duka. Ba nono, ba madara, ba alkama, ba fulawa. Mu gani zuwa wata guda."

Na ce, "Likita, to me zai ci? Iska?"

Ya ce, "Kai me ka ci ka girma?"

Na ce, "Nono."

"Da me?"

"Da gero."

Ya ce, "To ka cire nonon ka bar geron."

Na fito ina cewa a raina wannan bai san shanu ba. Kafin wata ya cika ka yi kumatu, kana bin awaki da gudu. To ka ji. A Kano za ka gamu da likitoci a kowane benci. Wani zai ce iska ce, wani zai ce iyayi ne na 'yan boko, wani zai ce ka daure ka yi ta ci, ciki zai saba. Ciki ba ɗan maraƙi ba ne da za a horar da shi. Duk wanda ya ba ka wannan shawara ka yi masa godiya, amma ka tuna ba shi zai ɗauki buta ba.

Wauta ta biyu ta fi ta farko tsada. Na ɗauka abincin da ya fito daga bakin likita dole ya zama na masu hali. Na sayar da saniyar nan, na sa babbar riga, na shiga kantin da manyan ma'aikata ke sayayya. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, boko ko harafi ban sani ba. Duk gwangwanin da na ga hoton jariri mai kumatu a jikinsa sai in ce a sa min. Na dawo da kwali guda ina taƙama. Na kira Malam Bulus, mutumin Biu mai injin niƙa a bakin layinmu, da yake ya yi makarantar mishan, na ce ya karanta min. Ya ɗaga na farko ya ce, "Wannan alkama da madara." Ya ɗaga na biyu ya ce, "Wannan madara da alkama." Ya ɗaga na uku ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam Adamu, wannan kuma hoda ce ta shafa wa jarirai."

Mahaifiyarka ta miƙe. Ta je ta buɗe ɗakin ajiya ta tsaya a bakin ƙofa. Ga gero, ga dawa, ga masakwa, ga masara, ga shinkafa, ga wake, ga gyaɗa, ga garin rogo. Ta ce, "Malam, a cikin waɗannan wanne ne alkama?" Wallahi hular kaina sai da ta yi min nauyi.

Ka gode wa Allah, cikin talaka Ya ba ka. Abin da ya fi araha a kasuwa shi ne abincinka, abin da ya fi tsada shi ne gubarka. Albashin sabon akawu ba wani abu ba ne, saboda haka ka sayi hatsi da kaka, a wajen masu buhu, kwano-kwano, ba ƙulli-ƙullin leda na bakin titi ba. Karyayyar shinkafa da mata ke raina wa ta fi araha, kuma ta fi yin tuwo mai laushi. In za ka sayi banda kada ka dubi manyan da aka jera a sama, ka ce a kwaso maka gutsattsarin ƙasan kwando, ai a cikin miya babu wanda ke tambayar kifi ina kansa. In wata ya yi nisa, ka daka ƙuli-ƙuli ka zuba a miya, ka ci ka yi hamdala. Duk abin da ya zo a gwangwani ko a leda mai rubutu, ka karanta kafin ka sa a baki. Ni ban iya ba na sayo hoda, kai ba ka da uzuri.

Sai maganar man shanu, wadda har yau in mahaifiyarka tana son ta kashe min baki ita take ɗaukowa. Ni a ganina tuwo ba man shanu tsirara yake. Sai na yi wa kaina shari'a, na ce likita nono ya ce, bai ambaci man shanu ba. In ta juya baya sai in ɗebo cokali guda in malala maka a kan miya, kai kuwa ka lashe har yatsu. Kwana biyu ciki ya tona min asiri. Ta ce, "Malam, man shanu daga jikin bishiya ake tsinko shi?" An ce wasu ba ya damunsu. Kai dai ya dame ka, ka bar shi. Abin da ta koma yi shi ne ta soya man gyaɗa da yankakkiyar albasa har ta yi ja, ta jefa ɗan daddawa, ta zuba a kan tuwo. Ƙamshinsa har zaure. Ni kaina, kada ka gaya mata, na fi son sa.

Akwai kuma shekarar da na zalunci matar nan. Gab da azumi ne, ka kwanta rijif, alhali babu wanda ya ba ka komai. Da yake ni na saba yin abu a ɓoye, sai na ɗauka kowa ma haka yake. Na ce ita ce ta ba ka taliya. Ta rantse, na ƙi yarda. Mako guda ba ta yi min magana ba. In ta gama abinci sai ta ajiye ta dubi kaza ta ce, "Ki gaya masa an gama." Bulus ne ya raba mu. Ya ji labari ya zo har gida ya ce, "Malam Adamu, laifin injina ne. Satin nan tun safe alkama yake ci, kowane gida na niƙan azumi. Duk wanda ya kawo dawa bayansu sai ya tafi da rabonsa na alkama." Tun daga ranar, niƙanmu shi ne na farko da safe. Sai ya buɗe injin ya kakkaɓe, ya fara niƙa dawa tafi guda ya watsa wa kajinsa, sannan ya zuba namu. Shekara da shekaru yana haka, bai taɓa cewa a ƙara masa ko kwabo ba. Kajinsa dai sun fi na kowa ƙiba a Mafoni, kuma na yafe musu.

In garin nan ya ƙare, kafin ka nemi aboki a Kano ka nemi Bulus ɗinka. Ka je da sassafe, ka gaishe shi da kyau, ka yi masa bayani. Rariyarka da muciyarka kada ka ba da aro ga mai tankaɗen fulawa, kuma man da aka soya funkaso a ciki ba naka ba ne. In ciki ya ɓaci, ka bi sawun abincin tun daga buhu har akushi kafin ka ɗora wa wani laifi. Ni sai da na sayi turmin atamfa kafin aka sallami kazar nan daga aiki.

Yanzu ga wadda ka ɗan tuna. Kana shekara goma mahaifiyarka ta tafi aikin Hajji tare da wanta. Aka kai ƙannenka mata gidan Baffanka Jidda a Abbaganaram, kai kuwa ta sa na yi alkawari ba zan kai ka ba, don ta san hannun Hajja Zara, matar Baffan naka, ba ya iya wuce miya bai zuba man shanu ba. Ranar farko Hajja Zara ta aiko da burabiskon alkama yana ta ƙyalli. Na ji kunyar mayarwa, na ce ɗan kaɗan ba ya komai. Ya yi komai. Washegari na rufe ƙofar gida, na tuɓe riga, na ɗaura zanen mahaifiyarka a ƙugu, na shiga madafa, ni Adamu da nake kayar da bijimi da hannu biyu.

Ruwa na tafasa na juye garin gaba ɗaya. Kai! Abin da ya fito ba tuwo ba ne, tarin gudaji ne, in ka fasa ɗaya sai gari ya tashi. Akuya ta shinshina ta wuce. Kashegari na ce na gane, na cika ruwa, muka sha tuwon da ludayi. Miyar kuka kuwa ta dunƙule wuri guda tana yawo a cikin ruwa, gishiri kamar na jiƙa fata. Na zuba maka ina kallonka. Ka haɗiye da ƙyar, idonka ya kawo ruwa, ka ce, "Baba, ya yi daɗi." A lokacin na ji daɗi. Yanzu na gane a ranar ya kamata in ga ainihin ciwonka.

Rana ta uku da shigata madafa hayaƙi da ƙauri suka kai gidan Bulus, da yake katanga ce tsakaninmu. Sai na ji matarsa daga can ta ɗaga murya, "Malam! Talge tukuna! Ka yi talge!" Ita ba za ta shigo ba don matar gida ba ta nan, ni ba zan fita da zane a ƙugu ba. Haka ta koya min girki ta saman katanga, da muryar da ake ji har bakin masallaci. Kafin mako ya zagayo, ina shiga kasuwar shanu sai na ji an ce, "Ga Adamu Talge nan!" Sunan bai sake ni ba har yau.

To ga abin da na saya da mutuncina, na ba ka kyauta. In ruwa ya tafasa, ka dama gari tafi guda da ruwan sanyi, ka zuba kana juyawa. Shi ne talgen. Ka bar shi ya dahu sosai, sannan ka riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan kana tuƙawa da muciya har ya yi kauri. Ka rage wuta, ka rufe ya sulala, ka kwashe da mara kana tsoma ta a ruwa. Miya kuwa, ruwa da daddawa da albasa da barkono da bandar nan da ɗan mai, su tafasa su haɗu, sai ka rage wuta ka riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya kana kaɗawa da maburgi da ɗayan. Gishiri ka sa rabin abin da zuciyarka ta ce. Ka tuƙa da yawa da yamma, da safe ka yi ɗumame, ka ga kananzir ya huta kai ma ka huta.

In ranka ya biya wani abu fari mai kama da madara, ga gyaɗa. Ka soya ta sama-sama, ka murje, a markaɗa, ka tace, za ka ga ruwa fari tas. Ka tafasa, ka zuba ƙullun shinkafa ko na gero, ka tsinka da ruwan tsamiya. Amma kunun gyaɗar gidan wani sai ka tambaya, don akwai masu sa alkama. Fura kuwa ba a hana ka ba, ai gero ce. Ka jiƙa 'ya'yan kuka, ka tace ruwan nan mai fari da tsami, ka dama da shi. Dabarar masu tallar nono ce in suna son su cuci mutane, kai kuwa ita ce rahamarka. Ka san matar nan da ke wucewa ta layinmu, wadda kowa ke zagi don nononta rabi ruwa ne rabi garin kuka, kuma ka san ni ne babban mai sayenta, har ana cewa ɗan makiyaya ya manta ɗanɗanon nono. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da mahaifiyarka ta dawo na miƙa mata zanenta, na fita madafa ban sake waiwaye ba. Kuma duk ranar da na gan ka kana leƙen tukunya sai in daka maka tsawa in ce ɗa namiji ba ya zama cikin hayaƙi. Ni da na san abin da na sani! Wannan laifi ne, na amsa shi. Muciya da maburgi da ka gani a jakarka, da ɗan rishon nan, ba ita ta sa ba, ni ne. In abokan zamanka sun yi maka dariya, ka bar su. Ranar da wata ya yi nisa za ka gan su a bakin ƙofarka da kwano.

Ka yi hankali da teburin mai shayi, don shi ne uwa da uban duk wani gwauro, kuma babu abin da ke kansa sai biredi da madara. In dole ka zauna, ka ce baƙin shayi, kuma ka ga an ɗauraye kofin da cokalin da idonka. Ka haɗa da ƙosai ko dafaffen dankali. Mai ɗan wake ka tambaye ta ko ta sa fulawa, mai masa ka tambaye ta abin da ke cikin ƙullunta, burabisko ka tabbata na gero ne. In ta ce, "Ɗan kaɗan ne," ka yi mata fatan ciniki ka wuce. Ni ne sarkin ɗan kaɗan, na san inda yake kai mutum. Shekarun nan da aka hana shigo da alkama, biredi ya zama sai wane da wane, duk Maiduguri ana kuka, ni kaɗai nake tafiya ina murmushi har ana zaton na samu kwangila.

To, Babagana, duk wannan sharar fage ce. Ga babbar wautar, wadda ko mahaifiyarka ban taɓa faɗa wa da bakina ba.

Ni ma nono ba ya zama min a ciki. Tun ina saurayi. Alkama ba ta dame ni ba, amma in na sha nono, cikina sai ya ɗauki ruri. To ɗan wa zai faɗi haka a gidanmu? Gara a ce ka yi sata. Shi ya sa nake sayen nonon matar nan, don a duk garin nan nata ne ya fi kowanne rashin nono. Amma Juma'a ba ta da makawa. Ka san al'adarmu, ana saukowa daga masallaci sai gidan Baffanka Jidda, Hajja Zara ta dama fura da kindirmo mai kauri a ƙwaryar da ta ware min ni kaɗai. In sha, in yaba, in ce a ƙaro. Can sai in miƙe in ce akwai mai jirana a kan cinikin sa. Babu wani sa. Tsakanin Abbaganaram da Mafoni babu gidan da ban san inda makewayinsa yake ba. Shekara talatin ban taɓa sallar La'asar ta ranar Juma'a da alwalar Juma'a ba.

Ranar da na ga ka karɓi alkakin nan da hannu biyu, hannuwana na gani. A wurina ka koya. Na ce to da wane baki zan ce wa yaron nan ya faɗi abin da ni na kasa faɗa?

Juma'ar da ta wuce aka ajiye min ƙwaryata. Wallahi na sha tsayawa gaban bijimi mai faɗa gabana bai faɗi haka ba. Na dubi fura, fura ta dube ni. Na ce, "Yaya, ni fa nono ba ya zama min a ciki."

Baffanka ya ajiye ludayi. Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗo cikin tabarma, yana kira, "Zara! Zara! Zo ki ji, ya faɗa!"

Ta fito tana gyara mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi! Yau ƙafata ta huta."

Na ce, "Wai kun sani?"

Ya ce, "Haba Adamu! Tun kafin a haifi Babagana. Kai kana zaton cikinka a hankali yake magana? Kuma wane irin sa ne wannan da ake cinikinsa kowace Juma'a shekara talatin bai sayu ba?"

Na ce, "To don me kuke ba ni?"

Ya ce, "Ƙanina ya zo gidana in hana shi fura? Kai ba ka ce ba, mu za mu ce?"

Hajja Zara ta ce duk safiyar Juma'a sai ta taka da ƙafarta cikin rana neman kindirmo mafi kyau, don kada in ga an kawo mai ruwa in ce an raina ni. Ta ɗauke ƙwaryar ta ce bari ta damo min da tsamiya. Tana shigewa Baffanka ya leƙa ya ga ta yi nisa, ya ture tasa ƙwaryar gefe, ya rage murya ya ce, "Ka ce mata ta dama da yawa."

Na yi dariya a wurin, amma a hanyar gida, wadda na tako a hankali karon farko, sai na ji hawaye. Shekara talatin ina shan wuya, tana shan rana, saboda maganar da ba ta kai tsawon atishawa ba. Kuma ni ciwona na yini ɗaya ne. Naka ba haka yake ba. Na taɓa riƙe ka a hannuna ba ka fi nauyin kaza ba, ina tunanin inda zan samo farin ƙyalle. Ba zan iya sake wannan ba, Babagana. Ina jin tsoro, kuma ga shi na faɗa.

Na fara rubuta wa Alhaji Tanko takarda in yi masa bayani, sai na yage. Bayan Tanko akwai ogan ofis, akwai abokai, wata rana akwai surukai, kuma ba zan bi ka gida-gida da takarda ba. Dole daga bakinka za ta fito. Ranar da ka sauka, bayan gaisuwa, kafin tire ya iso, ka ce, "Baba, likita ya hana ni alkama da nono da man shanu. Tuwo da miya sun ishe ni." Shi ke nan. Zai yi mamaki, zai ce Allah Ya sawwaƙe, zai ba ka labarin wani mai magani a ƙauyensu, sannan zai sa a tuƙa maka tuwon da ya fi ƙarfin mutum uku. Ka ci har ya ji daɗi. Kai kana da kunya, na sani, gadonka ce. Amma cikinka ba shi da ita ko kaɗan, in ka ƙi faɗa da baki shi zai faɗa a gaban mutane.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kuka da kuɓewa suna cikin ƙullin shuɗi, daddawa a gwangwanin hodar nan, ta wanke shi tun tuni. Ƙannenka suna gaishe ka. Bulus da matarsa sun ce Allah Ya kiyaye. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka girmama mai gidanka. Allah Ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, Ya ba ka lafiyar ciki da ƙarfin baki, Ya haɗa ka da mai inji na kirki, Ya dawo mana da kai da kumatunka. Amin summa amin.

In za ka rubuto amsa, kada ka cika min takarda da lafiya lau. Abu biyu nake son ji: me Alhaji Tanko ya ce, kuma tuwonka na farko akuya ta tsaya ko ta wuce.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Adamu, wanda kasuwar shanu ke kira Talge.